Press Start 2P: Yana ƙawata kanun wasa, amma bai dace da doguwar magana ba

Na ɗora salon haruffa (font) mai suna Press Start 2P a kan wani ƙaramin gem da nake haɗawa a Godot, injin haɗa wasannin kwamfuta, kuma tun daga allon farko ya yi abin da na ɗauko shi domin sa. CodeMan38 ne ya zana shi, ya kwaikwayi haruffan injinan wasan kamfanin Namco na shekarun 1980, zamanin Pac-Man da Galaga. Kyauta ne a Google Fonts, kuma lasisinsa na OFL ya yarda a sa shi ko a wasan da za a sayar.

Sirrinsa duka yana cikin lamba 8. Kowane harafi na zaune a akwati mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) takwas a tsaye, takwas a kwance. A girman 8, 16 ko 24, layukan na fitowa tsaf kamar an yanka da reza. Amma mai da shi 12 ka ga ikon Allah: wata ƙafar harafin ta yi kauri, wata ta rame, gefuna su yi dishi-dishi. Dole ne kuma a kashe sulɓin gefen haruffa da injin ke yi da kansa, in ba haka ba ko a 16 ɗin sai ya dusashe. Kauri ɗaya tak gare shi, don haka in a shafin intanet ka sa shi, kada ka bari burauza ta ƙara masa kauri da kanta, cushe shi kawai take yi.

Wajen maki, yawan rayuka da sunan mataki, ban ga na biyunsa ba. Da yake faɗin kowace lamba ɗaya ne, maki na hawa daga 190 zuwa 200 ba tare da rubutun ya yi rawa ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Inda muka raba gari shi ne akwatin hira. Siririn "i" yana cin fili daidai da "m". Allon wasana faɗinsa fiksel 320 ne, wato harafi 40 a layi, kafin ma a cire gefe da hoton mai magana. Jimla biyu sun cika akwati. Ga wutsiyar "g" da "y" a matse, ido ya gaji kafin a kai ƙarshen sakin layi. Nan sai na koma VT323 na Peter Hull, wanda aka ɗauko daga rubutun tsohon allon kwamfuta VT320. Ya fi siranta, ya fi daɗin karantawa, ko da yake ya fi kama da na ofis fiye da na wasa.

Wanda zai sa rubutu mai ƙ, ɗ da ɓ, ya fara buga su a duk salon fiksel ɗin da ya zaɓa ya gani, domin da yawa ba su da su, kuma harafin aro daga wani salo a tsakiyar kalma muni gare shi. Ni dai yanzu Press Start 2P na riƙe da kanu da maki, VT323 kuma hira.