Garejin da ya haɗa min DR650 na tafiyar Mambila

Masu tambaya wa ya yi min aikin babur ɗin nan, wani gareji ne a Kano, ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Babur ɗin Suzuki DR650 ne tokumbo, 644cc, silinda ɗaya, kabureta gare shi kuma babu lagireton ruwa, iska da bakin mai ke sanyaya shi. Tun 1996 kamfanin bai wani canza fasalinsa ba, shi ya sa kayan gyaransa suka yi yawa a duniya kuma bakanike mai hankali ba ya ruɗewa idan ya buɗe shi.

Abu na farko tanki. Na kamfani lita 13 ne, babur ɗin kuma yana cin wajen kilomita 20 a lita in ba ka matsa masa ba, kenan kafin ka yi kilomita 250 ka fara waige-waigen gidan mai. Na yo odar na roba na kamfanin Acerbis mai lita 25, su suka ɗaura. Aiki tsaf wallahi, famfon mai biyu gare shi hagu da dama, ogan garejin ya haɗa tiyo ɗin bai bari ya taɓa injin ba, ya ƙara min ƙaramar filta kafin kabureta ban ma roƙa ba, ya ce "Alhaji hanyar Bali zuwa Serti ai man jarka za ka sha." Gaskiyarsa kuwa, 'yan bumburutu ne suka riƙe ni a wurare da dama. Sai dai a sani, tanki in ya cika gaban babur yana yin nauyi, a yashi za ka ji shi a hannunka.

Inda mutumin ya burge ni sosai shi ne ciki. Duk masu DR650 sun san zancen wasu ƙananan sukurori biyu da ke bayan kuloci, masu riƙe abin da ke kunna fitilar nutural, a tsofaffin ƙira sukan kwance su faɗa cikin inji. Ya san da su, ya buɗe murfin ya sa musu gam ya ɗaure, ya nuna min da idona kafin ya rufe. Sannan sufuroket na gaba ya sauke shi daga haƙori 15 zuwa 14 saboda hawan dutse, ya miƙo min tsohon a leda wai in na dawo kwalta in mayar. A hawan da ke bayan Serti zuwa saman Mambila, da kaya a baya, giya ta biyu kawai nake tafiya ba sai na yi ta wasa da kuloci ba. A titin Gombe dai injin yana ɗan kuka in ka sake masa, dole ne, ba a samun biyu. Kabureta ma ya ɗan rage mata mai tunda garin Gembu yana can saman Mambila kuma iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba.

Siti an faɗaɗa an ƙara soso, an sa faranti a ƙarƙashin inji da kariyar hannu, duk lafiya lau. Tayar baya inci 17 ce, ta gaba 21, mai ƙuraje ta baya tana wahalar samu, ku nemi taku tun da wuri da tub mai kauri.

To ƙorafi. Kariyar ɗora kaya da suka yi min walda ƙarfen ya yi kauri ba gaira ba dalili, kamar za a ɗora buhun masara, nauyin banza ne a bayan babur kuma shokozoba ce ke biya. Wanda ya fi ɓata min rai wayarin. Yaron da aka ba aikin cajar waya da ƙarin fitilu ya ja waya kai tsaye daga batir, babu fis, bai bi ta makulli ba, ya naɗe da salatif ya tura ƙarƙashin siti. Na kwana a Jalingo da safe batir ya mutu murus, kuma wannan ƙirar babu kik, sai da samari suka tura ni da babur mai kilo 160 da wani abu banda kaya. Da na dawo oga ya ba da haƙuri ya gyara kyauta, amma ai kamata ya yi ya duba aikin yaransa kafin babur ya bar gareji. Ga saɓa alƙawari, gobe jibi gobe jibi, in kana da ranar tafiya ka kai musu da wuri sosai.

Aikin inji, kabureta da ɗaurin tanki zan sake kai musu ba shakka. Na wuta kam ku nemi mai wayarin daban, kuma ku yi cinikin kowane aiki shi kaɗai kafin a taɓa sifana.