Shiga Ƙungiyar Ƙwadago Ko Mara Mata Baya Daga Waje?

Ɗan ƙungiya kuɗinsa ne a ciki. Malamin firamare da ke NUT, ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya, ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa tun kafin kuɗin su shigo hannunsa. Shi ke zaɓen shugabanni, shi ake tsaya wa idan an danne masa ƙarin girma. Ranar yajin aiki kuwa, shi gwamnati ke yi wa barazanar hana albashi.

Mai goyon baya ba kati, ba ƙuri'a, amma kada a raina shi. A Janairun 2012, da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan acaɓa ne suka cika titunan Kano da Legas tare da ma'aikata. Sai dai da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka janye yajin aikin da suka kira bayan an rage farashin litar zuwa naira 97, a gidan rediyo mafi yawansu suka ji labari.

A ganina, mai albashi gara ya shiga ciki. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, shugabannin ƙungiya ne suka zauna da gwamnati aka yanke shi.