Karatun tsara fili ga ɗan Yamai: abin da Bersay ke bayarwa, da abin da za ka ƙaro da kanka

A Yamai in ka ce «peyizajis», yawancin mutane mai sayar da furanni a baƙar leda a bakin kwalta suke hangowa. Wannan sana'a ce mai mutunci, amma ba ita ake zuwa karatun mastar a kanta ba. Mai tsara fili shi ne ke yanke inda ruwan sama zai bi, inda inuwa za ta faɗi da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, inda mai tafiya a ƙasa zai taka da inda mota za ta tsaya, tun kafin magini ya aza tubali. Rabin aikinsa lissafin tudu da gangare ne. Ɗalibin da ya gama lisans a fannin gini, labarin ƙasa ko aikin gona yana son wannan difloma, yawanci sunaye biyu yake ji: makarantar tsara fili ta ENSP da ke Bersay, kusa da Faris a Faransa, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Su za mu ɗora a ma'auni, kamar yadda ake auna kowace haja kafin a zaro kuɗi.

An kafa ENSP a 1976, a cikin lambun da aka yi wa sarki Luwi na 14 tsakanin 1678 da 1683, fili mai kimanin eka 9 da har yau ake noman kayan marmari a cikinsa. Tana da reshe a Marsey. Diflomarta ana ce mata DEP, shekara uku ce bayan shekara biyu na jami'a, kuma darajarta daidai take da mastar. Shiga ta hanyar jarrabawar gasa ce ta haɗin gwiwa da makarantun Bordo, Lil da Buluwa. A lura da wannan lissafi tun da wuri: wanda ya riga ya riƙe lisans yana tsammanin shekara biyu ta ishe shi, yana iya tarar da cewa shekara uku zai yi. Tun dokar 8 ga Agusta 2016, laƙabin mai wannan sana'a yana da kariyar doka a Faransa, ba kowa ke liƙa shi a ƙofar ofishinsa ba. Sai dai DEP ba diflomar mai zanen gini ba ce. Wanda burinsa ya sa hannu a taswirar bene, Lome ya kamata ya nufa, makarantar EAMAU, inda ake koyar da zanen gini da tsarin birane.

Abin da ya fi ƙarfi a Bersay shi ne ɗakin zane. Ana ba ɗalibi fili na gaske, a tura shi ya zaga shi da ƙafa, ya zana da hannu, ya yanka kwali ya gina samfuri, sannan ya tsaya gaban malamai su warware aikin zare-zare. Mako mai zuwa ya sake. Wannan maimaici ne ke koya wa mutum karanta ƙasa: ya dubi layukan tsayi a taswira ya san inda ruwa zai kwanta, ya yi yankan gefe, wato zanen fili kamar an yanka shi ana kallo daga gefe, na titi daga katanga zuwa katanga da ma'auni na 1/100, ya sa gangaren kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kan daɓe don kada ruwa ya tsaya kuma kada tsoho ya zame. Ya iya lissafin ƙasar da za a haƙa da wadda za a cike har su yi kusan daidai, domin kowace tifa ta ƙasa da aka fitar daga wurin aiki kuɗi ce. A nan makarantar ta ci kuɗinta, ba gardama. Mai irin wannan horo in ya tsaya a kan kwarin Guntu Yena, ba bola da ciyayi kawai zai gani ba, zai ga kashin bayan magudanar ruwan rabin gari.

Matsalar tana farawa daga ruwa da itace. Faris tana samun ruwan shekara kusan yawan na Yamai, wajen milimita 600, amma nata yayyafi ne da ke bazuwa cikin wata goma sha biyu. Namu daga Yuni zuwa Satumba yake zuba, da ƙarfi, Tawa kuwa da ƙyar take kaiwa 400. Ɗauki hadari guda na milimita 50. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita lita ɗaya ce, saboda haka eka guda, mai murabba'in mita 10,000, ta karɓi mita kubik 500. In filin kwalta ne da rufin kwano, wajen kashi 90 cikin ɗari zai gudu, wato mita kubik 450, tanka 45 mai ɗaukar lita 10,000, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Kuma ruwan namu ba shi kaɗai yake tafiya ba, da yashi da leda yake zuwa. Ramin tsotse ruwa mai ciyawa da ake zanawa a Turai, in aka kwafo shi yadda yake aka sa a unguwar Yamai, damina ɗaya ta isa ta binne shi. Dole a sa masa tarkon yashi a sama, akwatin siminti mai zurfin da shebur zai shiga, a kuma rubuta wanda zai kwashe shi bayan kowane babban ruwa. Wannan ba ya cikin darasin Bersay, domin ba ciwonsu ba ne.

Haka batun kogi. A Satumban 2020 ma'aunin tsayin ruwan kogi a Yamai ya kai wajen santimita 700, alhali jan gargaɗi a 620 yake, ruwa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde. Kogin Kwara a Yamai cika biyu yake yi: jar cika ta damina da rafukan gefen dama irin su Sirba ke kawowa, da cikar da ke gangarowa daga Gini ta iso cikin sanyi. Wanda zai zana wurin shaƙatawa a bakin kogi bai san da wannan ba, kujerun da ya dasa kifi ne zai zauna a kai.

Itatuwan da za ka haddace a can, da sunayensu na Latin, kusan babu wanda zai rayu a fako na Tawa. Abin da za ka ɗauko shi ne hanyar tunani: tsawon itace in ya girma, faɗin inuwarsa, halin saiwarsa. Jerin naka kuwa sai ka haɗa da kanka. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ya dace da wurin da ake son ciyawa ko shuka a ƙarƙashi, amma yana da jinkirin tashi a shekarun farko. Dogon yaro yana da saurin inuwa, shi aka fi zubawa a koren ɗamarar Yamai da aka fara a 1965, sai dai saiwarsa na ɗaga daɓe in aka matse shi kusa da katanga. Maɗaci ya fi kowa kwarjini a bakin titi amma yana son ƙasa mai zurfi. Bagaruwa na jure kwanciyar ruwa, aduwa da magarya da kurna na jure fari, gamba da jema na riƙe bakin kwari. Turare kuwa a yi nesa da shi daga rijiya. Rami santimita 60 ta kowane gefe ya isa a jigawa, amma a kan marmara sai an fasa har mita guda, in ba haka ba saiwa ta naɗe kamar a tukunya, itacen ya tsaya cak a shekara ta uku. A dasa daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, a ba shi lita 20 sau biyu a mako a ranin farko, a kewaye shi da waya. Yawancin dashen ranar 3 ga Agusta da ke mutuwa, akuya da gara da rashin mai ban ruwa ne ke kashe su, ba mugun iri ba.

Ciyawar ado ma lissafi ce. A Afrilu da Mayu tana iya shan milimita 8 zuwa 10 a rana. Fili mai murabba'in mita 1,000 ke nan lita 8,000 zuwa 10,000 kullum, tano 40 zuwa 50. Kafin a zana kore a takarda, a tambayi wanda zai biya kuɗin famfo.

Abin mamaki, mafi girman aikin tsara fili a ƙasar nan ba a birni yake ba, a jihar Tawa yake. Aikin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO ya gyara tuddai da kwaruruka da jerin duwatsu da madatsai. A kwarin Majiya, tun 1975 ake jera dogon yaro layi bibbiyu don tare iska. Manoman Illela da Badagishiri sun farfaɗo da fako da tassa, ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa. Ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, mai faɗin mita 4, wajen 313 a eka, a jere bisa layin tsayi baki na kallon tudu: wannan zanen fili ne tsantsa, ko da ba a kira shi da sunan ba. Ɗalibin da ya je gaban malaman Bersay da hotuna da ma'aunin waɗannan ya fi wanda ya kwafo lambunan Dubai daga intanet abin nunawa nesa ba kusa ba.

Sai kuɗi da biza, inda hajar ta yi tsada ƙwarai. Shekaru da dama adadin da Faransa ke neman ɗalibi ya nuna shi ne yuro 615 a wata, wato sefa 403,000 da ƴan kai. A shekara uku ya haura miliyan 14 da rabi, ban da kuɗin makaranta, jirgi, da kayan samfuri. Kuma a kewayen Faris hayar ɗaki kaɗai na iya cinye mafi yawan wannan adadi. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, don haka neman biza ya zama tafiya ta wata ƙasa, da kuɗin masauki da jira. Wanda ya samu zaɓi tsakanin rassan biyu, Marsey ta fi kusa da buƙatarmu: rani mai zafi da bushewa, ruwa mai zuwa da ƙarfi, itatuwa masu jure ƙishi, duk da cewa nasu ruwan da sanyi yake sauka.

Zariya hajar daban ce. Jami'ar, wadda aka kafa a 1962, tana ba da mastar a wannan fanni da Turancin Ingilishi. Ruwanta ya kai wajen milimita 1,000, ya fi namu, amma tsarin damina da rani da hunturu iri ɗaya ne, itatuwan da ke harabar Samaru su ne na gida, mai gandun dashe kuma da Hausa za ku yi ciniki. Rayuwa ta fi sauƙi nesa. Abin da za a saka a ɗaya gefen ma'auni: wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci yana buƙatar watanni na Ingilishi kafin ya iya kare aiki a gaban malamai, yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya, kamar na wata takwas a 2022, yana iya tsawaita karatu, hanyar Ƙonni zuwa Sakkwato da Gusau kuma ba ta da tabbas ta fuskar tsaro. A kuma binciki batun daidaita diflomar a ma'aikatar ilimi mai zurfi tun kafin tafiya, musamman ga mai niyyar aikin gwamnati. A ganinmu, ga wanda zai dawo ya yi aiki a Yamai ko Tawa kuma ba shi da tallafin karatu, Zariya ta fi dacewa da aljihu da ƙasa. Bersay ta fi ta kaifin horon zane, ga mai cikakken tallafi.

Wanda ba zai iya fita ba, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana koyar da kula da ƙasa, ruwa da yanayi. Ba za ta koya maka zane ba, amma tana rufe daidai gurbin da Bersay ta bari.

Ko ina aka nufa, kundin ayyuka ne ke buɗe ƙofa. Shafi 15 zuwa 20 sun isa: zanen hannu, taswira ɗaya mai layukan tsayi, yankan gefe biyu ko uku, da aiki guda da aka bi daga matsala har zuwa mafita. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga 16, a iya manhajojin zane da taswira na AutoCAD da QGIS kafin a tafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar zaɓen filin aikin ƙarshe sai an isa can, sannan a dogara da bayanan tauraron ɗan Adam. Na SRTM kowane ɗigo mita 30 ne, na Sentinel-2 mita 10. A unguwa shimfiɗaɗɗiya inda bambancin santimita 20 ke raba gidan da ruwa zai shiga da wanda zai tsira, ba su da amfani. A zaɓi filin tun ana gida, a ɗauki mai awon ƙasa ya ba da tsayi kowane mita 10, a nemi ruwan sama na kullum na shekaru 30 a hukumar yanayi ta ƙasa, a haƙa rami uku a cika da ruwa a auna saurin tsotsewa. Sannan a fita da waya washegarin babban ruwan Agusta a ɗauki hoton alamar laka a jikin katangu, da ma'auni a tsaye kusa da ita.