Binciken Hutun Bazara a Amurka da SIWES a Gida: Rahoto ga Ɗaliban Injiniya na Kaduna

Assalamu alaikum. Ƙannena da ke karatun injiniya a Kaduna da Zariya sun yawaita tambayata game da guraben binciken da ɗaliban digiri na farko ke samu a nan Amurka lokacin hutun bazara, musamman a fannin na'urorin da ke aiki da matsin mai da matsin iska, wato fannin da ke ɗaga bayan tifa, yake motsa hannun katafila, yake kuma kama birkin tirela.

Shirin da ya fi shahara shi ne REU, wanda hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, ke ɗaukar nauyinsa tun 1987. Yakan ɗauki kimanin mako 10, daidai lokacin da damina ta kankama a gida, kuma ana bai wa ɗalibi alawus da masauki da kuɗin hanya. A wannan fanni, an kafa cibiyar bincike ta CCEFP a 2006 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Minnesota, tare da wasu jami'o'i irin su Purdue da Georgia Tech. Purdue kuma tana da cibiyar Maha a garin Lafayette, wadda marigayiya Farfesa Monika Ivantysynova ta kafa a 2004, inda aka fi mayar da hankali kan famfunan mai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba tsadar kayan aikinsu ba ne, a'a, yadda ake damƙa wa yaro ɗan shekara 20 tambaya guda, a ce tasa ce. Na ga ɗalibi zaune a bayan gilashi mai kauri, famfo yana ruri a ɗaya ɓangaren, gejin matsi yana hawa har ya kusa bar 300 (bar shi ne ma'aunin matsi), shi kuwa yana rubuta yawan man da ke zurarewa a cikin famfon yayin da zafi ke ƙaruwa. Dalilin wannan ƙwaƙƙwafi shi ne, wani nazari da ɗakin bincike na Oak Ridge ya fitar a 2012 ya nuna cewa kimanin kashi 22 cikin 100 kacal na makamashin da irin waɗannan na'urori ke ci ne yake zama aiki, sauran kuwa yakan salwanta a matsayin zafi da yoyo. Ɗalibin digiri na uku ne ke duba yaron kullum, farfesa yana zama da shi lokaci-lokaci, daga ƙarshe kuma dole ya tsaya gaban jama'a ya kare sakamakonsa.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen tsari, domin SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu wanda asusun horas da ma'aikata na ITF ya fara a 1973, yana bai wa ɗalibin jami'a wata 6, abin da ya ninka nasu. Sai dai lokacin da na yi nawa a wani kamfani a Kakuri, aikina bai wuce in tsaya in kalli oga, in miƙo sifana, in cike littafin rahoto a sa hannu ba. Babu wanda ya taɓa ce mini in auna wani abu, balle in faɗi ra'ayina.

Amma fa a fagen aikin hannu mun fi su. Da yawa daga cikin ɗaliban nan Amurka gwanaye ne a kwamfuta, alhali ba su taɓa kwance famfo ba, ga shi yaron makanike a Panteka zai warware silindar tifa ya mayar kafin la'asar.

Akwai kuma gargaɗin da ya wajaba in yi. Kuɗin REU na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin kawai. Haka shirin RISE na hukumar DAAD ta Jamus, ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ayalan yake ɗauka. Saboda haka duk dillalin da ya ce ku kawo kuɗi zai samo muku gurbi daga Kaduna, ku riƙe aljihunku. Ƙofar da take buɗe gare ku ita ce ta digiri na biyu ko na uku, inda farfesa ke biyan ɗalibi daga kuɗin bincikensa, kuma abin da yake nema shi ne shaidar cewa mutum ya taɓa auna abu ya rubuta.

Wannan shaida kuwa ana iya samar da ita a gida, tun da na'urorin iska ba sa buƙatar fiye da bar 6 zuwa 7, abin da kwamfiresar mai faci ke iya bayarwa. Ɗalibi ya samu geji da agogo, ya nemi izinin wata masana'anta mai amfani da iska, ya cika tanki bayan an tashi aiki, ya rufe komai, ya rubuta yadda matsin ke sauka. Daga nan zai lissafa iskar da ke yoyo ta tiyo da mahaɗai, ya mayar da ita kuɗin dizal, ya kai wa malaminsa da mai masana'antar.