Na kai wa gumakan gurguzu ziyara a Budapest

Da na tura wa Hajiyarmu hotunan, abin da ta fara cewa shi ne, "Ke 'yar nan, karatu aka tura ki ko kallon gumaka?" Na ce, "Hajiya, waɗannan ai tuɓaɓɓu ne, sarautarsu ta ƙare."

Wurin sunansa Memento Park, can bayan garin Budapest, babban birnin ƙasar Hungary. Daga tashar Kelenföld na hau bas. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989, sai hukumomin birnin suka kwashe mutum-mutumin da tsohuwar gwamnati ta sa aka sassaƙa ta kafa a tituna, guda 42, suka tara su a fili ɗaya maimakon a narkar. An buɗe wurin a 1993, kuma Ákos Eleőd ne ya tsara shi.

Tun daga ƙofa ake fara ba ka labari. Ga jagororin gurguzu, Lenin a gefe guda, Marx da Engels a ɗayan, babbar ƙofar tsakiya kuwa a kulle take, ta 'yar ƙarama ta gefe ake shiga. Na ɗauka gyara ake yi, ashe da gangan ne. Hanyar tsakiyar filin ma haka, ka bi ta ka bi ta, sai ka ci karo da bango.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban sojan Sobiyet mai riƙe da tuta, wanda a da yake kan dutsen Gellért yana kallon birnin daga sama. An yi shi ne don a hango shi daga nesa a ji tsoro. Yanzu kana iya matsawa har gindinsa, ka ga inda ruwan sama ya bar zane a jikin tagullar. Wani yaro ya tsaya yana kwaikwayon tsayuwarsa, babansa na ɗaukar hoto.

Kuskurena shi ne shiga ba tare da ɗan littafin jagora ba. Ban da Lenin, yawancin fuskokin ban san su ba, sai da na koma na saya na sake zagayawa. Wanda zai je ya fara da shi, ya kuma riƙe lema in da zafi, don fili ne fetal. Awa biyu ta ishe ni, har da zama cikin tsohuwar motar Trabant da kallon finafinan da a da ake horar da 'yan leƙen asiri da su.

Stalin kuwa, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, takalmansa kawai za ka gani a kan wani dogon dandamali, su ma kwafi ne. Ranar 23 ga Oktoba 1956 masu zanga-zanga suka yanke mutum-mutuminsa mai tsawon mita 8 suka kayar, takalman suka rage a tsaye. Wannan hoton ne Hajiya ta sake aiko mini, tana tambayar ina mai su ya tafi.