Asam pedas a Harobanda: tsamiyarmu a tukunyar mutanen Malesiya

A Harobanda ta birnin Yamai, idan aka ƙetare gadar Kennedy aka nufi wajen Jami'ar Abdou Moumouni, akwai wani ƙaramin gidan abinci marar allo a ƙofa, wanda a ranakun Juma'a da Asabar yake dafa miyar kifin nan ta Malayawa da ake kira asam pedas. Sauran ranaku shinkafa da miya ce da dambu, irin na kowa. Hajiyar da ke da wurin ta koyi girkin ne a shekarun da ta zauna a Malesiya, lokacin da maigidanta yake karatu a can, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa wasu kayan haɗin ba a samunsu a kasuwannin Yamai, sai dai ta nemi madadinsu. Wannan musanyar ita ce ta fi cancantar a auna, domin a nan ne ta yi nasara, a nan ne kuma ta ɗan yi tuntuɓe.

Miyar ta fi shahara a jihohin Malaka da Johor, a kudancin Malesiya, kuma mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra suna da irin tasu. Ba a sa mata madarar kwakwa, saɓanin girke-girken yankin da yawa. Ana jiƙa busasshen tonka ne a niƙa shi da albasa da tafarnuwa da citta da kurkum, a soya niƙan a hankali har mai ya rabu ya taso ja a sama, sannan a tace ruwan tsamiya a zuba, a jefa kuɓewa da yalo da tumatir, kifi ya shiga daga ƙarshe. Duk wanda ya ji wannan jerin zai ga babu baƙo a ciki. Itacen tsamiya ɗan asalin Afirka ne, tonka kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, kuma 'yan Fotugal, waɗanda suka ci Malaka da yaƙi a 1511, su ne suka yaɗa shi a gaɓar Asiya. Bambancin shi ne mu tsamiya ta fi zama mana abin kunu, tsamin miya kuwa a yakuwa muke nemansa, alhali su Malayawa a kan tsamiyar suka gina miyar gaba ɗaya.

Ana kawo ta ne a kwanon silba mai zurfi, tana tururi, romon ja wur, jan mai ya yi zobe a gefen kwanon. Kuɓewa uku ko huɗu suna kwance a sama ba a yanka su ba, an dai datse musu kai, saboda haka babu yauƙi ko kaɗan, kuma idan aka ciza sai a ji ruwan tsami ya fashe daga cikinsu. Tsamin ne yake fara isa harshe, mai tsabta, wanda ba ya sa haƙora su mutu, sai bayan loma ta uku yajin ya taso daga maƙogwaro ya hau goshi. Albasar Galmi da Hajiya take niƙawa a maimakon ƙananan jajayen albasar da Malayawa suke amfani da su ta ba romon kauri da ɗan zaƙi, kuma ban ga abin da aka rasa ta wannan fuskar ba.

A Malaka kifin teku ake sawa. A nan kuwa zaɓi biyu ne daga kogin Kwara: giwan ruwa a jika uku, ko tarwaɗa a jika biyu. Yawancin masu zuwa giwan ruwa suke nema saboda sunansa, amma ni tarwaɗa nake ba wa mutum shawara ya ci. Tsokar giwan ruwa tana da ƙarfi, takan fito fara sol a ciki, romon bai ratsa ta ba, sai mutum ya ji kamar kifin da miyar ba a tukunya ɗaya suka dahu ba. Tarwaɗa kuwa tana shan tsamin har ƙashi, kitsenta yana sassauta zafin tonkan, tsamiyar kuma tana kashe ƙarnin da ake gudunta saboda shi.

Malayawa suna sa wani dunƙulen jatan lande da aka bari ya ruɓa da gishiri, wanda suke kira belacan. Hajiya ta maye gurbinsa da dakakken busasshen jatan lande da ɗan ƙwayar daddawa, kuma dabarar ta yi, domin daddawar ba ta fito fili ba, ta tsaya a ƙasa tana riƙe da ɗanɗanon. Inda ban gamsu ba shi ne ganye. Ƙamshin asalin miyar yana zuwa ne daga ganyen kesum da furen kantan, waɗanda ba a noma su a nan, sai ta haɗa sitironel da na'ana'a. Sitironel yana cikin girkin tun asali, ba a yi kuskure da shi ba, amma na'ana'a tana jan hancin ɗan Yamai zuwa ga shayi, kuma gara a bar gurbin babu komai da a cike shi da ita. A gefen shinkafar, inda a Malaka ake ajiye rabin ƙwan agwagwa mai gishiri, ita dafaffen ƙwan zabi take sawa idan damina ta kawo shi.

Yajin ba na wasa ba ne, kuma ba a rage shi. Na ji wani dattijo ya roƙi a sassauta masa, Hajiya ta amsa daga bakin murhu cewa, "Alhaji, in na rage tonkan ta zama wata miya daban. Bari a ƙaro maka shinkafa." Aka kuwa ƙaro masa ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Wurin kansa sai haƙuri. Rumfar kwano ce mai tebur kaɗan da fanka ɗaya, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar watan Afrilu, cin wannan miyar da rana tsaka yana neman jarumta. Ana jira kusan rabin awa, tunda sai an yi oda ake jefa kifin, wanda dalili ne mai kyau, sai dai yaran da ke hidima ba sa sanar da baƙo, su bar shi yana leƙen madafa. Shinkafar ma takan caɓe wani lokaci, alhali romo mai ruwa irin wannan shinkafa mai warara yake so. Kuɗin ya yi wa ɗaliban da ke kewaye nauyi, shi ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa suka fi cika tebur.

Ranar Juma'a wurin yakan cika da zarar an sauko daga masallaci, tukunya ɗaya ce kuma ba ta kai la'asar. Wanda yake son ya zauna a natse ya zo Asabar kafin azahar, ya nemi tarwaɗa, ya kuma ce kada a sa masa na'ana'a, domin a ƙarshe ake jefa ta kuma Hajiya tana yarda.