Fikafikan gefe ko ƙarin kaurin allo ga lasifika marar akwati

Lasifikar da aka ɗaura a jikin allo kawai, ba tare da akwati ba, tana da rauni sananne: sautin da ke fita ta baya yana zagayowa ya tarar da na gaba, su kashe juna, musamman sautuka masu kauri. Masu haɗa irinta a gida, a Agege ko Idi-Araba, sukan zaɓi ɗaya daga gyare-gyare biyu masu araha.

Na farko shi ne kafa fikafikan katako a gefuna biyu na allon, suna miƙewa baya. Wannan yana tsawaita hanyar da sautin baya zai bi, don haka bugun ganga yana ƙara nauyi ba tare da allon ya cinye faɗin ɗaki ba, abin da mazaunin ɗakin haya a Legas ya san darajarsa. Sai dai idan fikafikan suka yi zurfi fiye da kima, sararin da ke tsakaninsu yakan fara amsa kuwwa, murya ta riƙa fitowa kamar daga cikin rijiya, kuma dole a manna guntun kafet a cikinsu kafin ta daidaita.

Na biyu shi ne manna wani allon mai kaurin milimita 18 a bayan na farko. Ba ya ƙara nauyin sauti, amma yana rage rawar allon, wadda mutum zai ji a tafin hannunsa idan ya dafa shi ana kiɗa. A damshin Legas filawud ya fi MDF, wato allon garin katako da aka matse, wanda ke kumbura.

A ganina, mai siririn allo ya fara da kauri, domin fikafikai a jikin allo mai rawa ƙara masa ƙugi kawai suke yi.